Suɗin Lawali

Yaran yanzu ba su san suɗi ba. Na faɗi kalmar rannan a tsakar gida, jikata ta ɗago kai daga wayarta ta tambaye ni ko sunan wani magani ne. Dariya na yi har da tari, amma da na koma ɗaki na dubi akushin Baba da ke kife a kan randa, sai dariyar ta ɗauke. Ba laifinta ba ne. Ita ta tashi ta tarar kowa da farantinsa na roba, a zuba maka naka, ka ja gefe ka cinye, ka tura farantin wajen wanke-wanke. Wa zai rage wa wani? Mu kuwa da suɗi muka girma, kuma har yau ban sa wani abinci a baki da ya kai shi daɗi ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne a kan tudun rairayi, kusa da Kanan Bakashe. A lokacin babu injin niƙa, turmi ne ke tashe mu. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji taɓarya na amsa wa taɓarya daga gida zuwa gida, wata mai ji da kanta ta jefa tata sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Sai hayaniyar bakin rijiya, da kukan shanun Fulani da ke jiran a ba su wuri. Rijiyarmu mai zurfi ce, mutum zai ja igiya har tafin hannunsa ya yi kanta. Ni aikina surfe da kai fura gona, da yamma kuma in share zaure in shimfiɗa wa Baba buzunsa. Da an idar da magariba Inna za ta kwashe tuwo a wannan baƙin akushi, ta zuba miyar kuka, ta rufe da faifai, in ɗauka da hannu biyu in kai. Baba yana da yadda yake cin tuwo. Daga gefe guda yake farawa, yana yankar loma tsaf kamar mai gyaran katanga, ɗaya gefen ko taɓa shi ba ya yi. In ya ɗan wuce rabi sai ya tsame hannu, ya yi hamdala, ya turo akushin gabanmu. Abin da ya rage ɗin nan shi ne suɗi. Ko a shekarar da damina ta ƙi, muna ganin ƙasusuwan wuyansa sun fito, bai sauya ba. In Inna ta roƙe shi ya ƙara ko loma biyu, sai ya ce, “Babba ba shi kai hannu gindin akushi. Akwai na baya.”

Na bayan nan mu biyu ne, ni da Lawali. Lawali ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba, an kawo shi gidanmu riƙo tun da aka yaye shi. Wato taubashina ne, kuma duk wanda ya san taubasantaka ya san abin da nake nufi. Abin da zan faɗa masa a bainar jama'a, ko matarsa ba ta isa ta faɗa masa a ƙuryar ɗaki ba, kuma ba shi da izinin fushi. Ya ɗan girme ni, amma ban taɓa yarda da haka a gabansa ba. Shi yana ce mini Baki, wai bakina ba ya hutawa. Ni ina ce masa Rago. A kan suɗin Baba muka koyi kokawa, ya fi ni ƙarfi, na fi shi saurin hannu.

Wata damina, lokacin ya fara zama saurayi, Baba ya yanka masa gefen gona ya ce nasa ne, ya kula da shi. Sai ƙuduji ya fito a wajen. Ƙuduji wani haki ne mai fure ja-ja, kyakkyawa a ido, amma saiwarsa yake liƙawa a saiwar gero ya tsotse shi har ya tsumbure. Hannu ake sa wa a tuge shi tun bai zubar da iri ba. Lawali ya tuge, ya tuge, da ya ga gonar ta yi kyau in an hango ta daga hanya, sai ya bar wata kusurwa can wajen gawo, ya zo inuwa ya zauna yana jiran furar da na kawo. Baba ya nuna kusurwar da haɓa ya ce, “Waccan hwa?”

Lawali ya washe baki ya ce, “Kawu, suɗi na bari.”

Ni na tuntsire da dariya. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sha furarsa ya koma bakin aiki, abin da ya ce kawai shi ne kada kowa ya taɓa wajen. Da damina ta zagayo, ƙuduji ya tashi daga gindin gawon nan ya mamaye kusan duk gefen Lawali. Geron ya tsaya iya gwiwa, ganye rawaya, zangarniya kamar yatsa. Baba ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar wajen, ni ina biye da ƙwarya a ka. Ya ce, “Ga suɗinka nan ya haihu. Abinci aka rage ma na baya, Lawali. Wanga aiki ba a rage shi. Wanda ka bari shi ne mai taurin kai, shi ka dawowa da ɗiyanshi.” Lawali ya sunkuyar da kai, ni ma ranar ban tsokane shi ba. An yi shekaru kafin gefen nan ya sake ba da dami na kirki.

Baba ya rasu, Inna ta bi shi, akushin ya faɗo hannuna. Na yi aure, na haifi nawa, mai gidana ma ya riga mu gidan gaskiya. Lawali kuwa yana tsufa yana komawa Baba sak, har tafiyar, har yadda yake tsame hannu daga abinci. A duk garin shi kaɗai ya rage da ba a ganin gindin kwanonsa. Komai ya shigo hannunsa sai ya rage wa wani, goro ne, shayi ne, ko dabino guda ne sai ya ɓara shi biyu. Ina sonsa saboda wannan, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Ni ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi na yanzu. A zamaninmu in ƙaya ta soke ka wajen ya ruɓe, sai garin bagaruwa da addu'a. Likita sai Mayahi, a kan jaki, kuma sau da yawa kafin a yanke shawarar tafiya aikin gama ya gama. Na san mutane masu ƙarfi da ɗan miki ya kai su kushewa. Yanzu ga gidan likita nan kusa, moto, wato babur, zai kai ka kafin fura ta yi tsami. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda magani ya zama kamar gyaɗa. Ranar kasuwa za ka ga mai talla da faranti a ka, kafso ja da rawaya sun sha rana har sun yi laushi, mutum ya zo ya ce a ba shi guda biyu na ciwon jiki, ya ɓare ya zuba a fura ya kaɗa. Babu wanda ya duba shi, babu wanda ya ce ga ciwon da ke damunsa. Mura ma da za ta tafi da kanta, sai an jefa mata kafso.

Kakar bara, ana cikin girbi, Lawali ya taka tushiyar kara, ta huda masa tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ɗaurin dami, don Rago na da ya zama mutumin da ba a raba shi da gona. Da matarsa Indo ta aiko mini, ƙafar ta kumbura kamar tulu, jikinsa ya yi zafi, ko tabarma ba ya iya takawa. Na sa aka nemo moto, muka kai shi gidan likita.

Majo ɗin, wato ma'aikaciyar jinyar wurin, wata yarinya ce da ba ta kai ƴata ta fari ba, amma ta san aikinta. Ta wanke mikin, ta yi masa allurar sandarewar jiki, ta tambaye shi ko ya taɓa shan wani magani jikinsa ya yi ƙuraje ko ya kumbura. Ya ce a'a. Sai ta rubuta takarda aka karɓo maganin nan cikin gidan, ta zauna ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce, “Baba, wannan antibiyotik ne, shi ke kashe ƙwayoyin cutar da suka shiga ƙafarka. Guda ɗaya da asuba, guda da azahar, guda lokacin kwanciya, da ruwa mai kyau. In ka manta, ka sha da ka tuna. In lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce, kada ka haɗa biyu. In ka ga ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi maka wuya, a dakata a kawo ka nan take.” Sannan ta ɗaga katin maganin ta ce, “Za ka ji sauƙi tun bai ƙare ba. Kada ka tsaya. Naka ne kai kaɗai, kuma sai ka ga ƙarshensa. Dakor? Ka yarda?”

Lawali ya ce, “To, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka.” Na san wannan “to” ɗin tun muna yara, amma na ga yana jin jiki, sai na ƙyale shi.

Maganin kuwa ya yi aiki. Kafin kasuwa ta zagayo zazzaɓi ya sauka, kumburi ya sace, har na ji labarin an gan shi ya dogara sanda ya je masallaci. Hankalina ya kwanta, na koma kan sussukata. Sai wata safiya na dama fura na ce bari in je in ga Rago. A ƙofar gidansa na ci karo da Buba, Bafulatanin da ke riƙe masa shanu tun suna da baƙin gashi. Muka gaisa, yana tari yana share hanci, ya buɗe bakin rawaninsa ya nuna mini abin da ya ƙulle a ciki. Katin maganin Lawali ne, wajen rabi an ɓalle, sauran na nan ƙyam.

Ya ce, “Kin ga mutumin kirki. Ya ji ina tari, ya ce ga suɗin maganinshi.”

Na ce, “Ya ce mi?”

“Suɗi.”

Na miƙa hannu na ce ya ba ni in gani, na riƙe, na ce masa ya biyo ni. Lawali na zaune a zaure a kan buzu, ya ja bargo ya rufe ƙafar, da rana tsaka, a lokacin da ko jariri ba a rufewa. Yana ganina ya ce, “A'a, Baki ce da sassahe? Wa ya taɓo ki?”

Na ajiye ƙwaryar fura na ɗaga katin. “Mi ne ne wanga?”

Ya ce, “Na warke. Abin da ya kamata in sha na sha. Buba na tari, mutumin da ya riƙe mini dabbobi shekara da shekaru. In shanye magani ni kaɗai har gindi, shi ina kallonshi? Kawu bai koya muna haka ba, ke ma kin sani.”

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ba rowa ta sa shi ba, ba ganganci ba ne kuma, halin Baba ne ya ɗauko ya aza inda ba wajensa ba. Amma ni ba kallon halinsa na zo yi ba. Na sunkuya na yaye bargon. Ƙafar ta sake cika, tana sheƙi, ga wani jan layi ya taso daga idon sawu ya nufi ƙwauri. Na sa bayan hannu na taɓa, zafi kamar murfin tukunya. Daga bayan ƙofa Indo ta ce a hankali, “Tun shekaranjiya na gani, Yaya. Na kasa yi mashi magana.” Ban ga laifinta ba. Ita da ko sunansa ba ta faɗa, ina za ta iya yaye masa bargo? Ƴaƴansa ma da ke kiransa a waya daga Tasawa, in ya ce musu ya warke, sai su ce Alhamdu lillahi. A duk duniya ni kaɗai na rage da zan iya.

Na zauna a gabansa, na bar wasa. Na ce, “Lawali, ka tuna kusurwar gawo?”

Ya kau da kai.

Na ce, “Kai ka ɗauka tuwo majo ta zuba maka. Ba tuwo ba ne. Tugar ƙuduji ce ta ba ka, ka tuge na bakin hanya, gona ta yi kyau a ido, ka koma inuwa. Waɗanda ka bari su ne masu taurin kai. Ga su nan sun dawo da ɗiyansu, suna hawa ƙwaurinka. Wancan karon gero ka rasa. Wanga karon ƙahwa ce.”

Ya dubi ƙafar. Buba ya tsuguna a bakin zaure. Can Lawali ya miƙo hannu ya ce, “To ba ni, in ci gaba daga inda na tsaya.”

Na ce, “A'a. Ka riga ka yanke shi, ba mu ne za mu ƙulla ba. Wajen majo za mu koma da katin nan a hannu, mu gaya mata gaskiya, ita ta san abin yi. Kai ma Buba ka tashi, tarinka ba mikin ƙahwa ba ne da za ka sha maganin wani.”

A amalanken Buba muka tafi, don Lawali ba zai iya rataya ƙafar a moto ba. Duk hanya ina tsokanarsa, ina cewa ga ango za a kai, amma idona na kan ƙafar. Na ga gurgu a garinmu, na san yadda manomi ke komawa in aka raba shi da ƙafa. Ba na son in ga Lawali zaune a gindin bango yana tambayar masu dawowa daga gona yaya gero.

Majo ba ta yi masa faɗa ba. Ta karɓi katin, ta tambaye shi yaushe ya tsaya, ya faɗa mata kansa a ƙasa. Ta buɗe mikin ta matse ruwan da ya taru, shi ya cije haƙori, ni na juya baya. Sannan ta ɗauki biro ta zana alama a fatarsa daidai inda jan ya tsaya. Ta ce, “Baba, zan ba ka wani sabo, mu fara daga farko. Gobe a dawo da kai in duba. In jan nan ya haye wannan layi, Mayahi zan tura ka, kuma can maganar ƙafar kanta za a yi.” Ta riƙe tsohon katin ta ce ba za ta mayar mana ba, kada a ajiye shi a gida wani ya ɗauka. Da ta duba Buba kuwa, ta saurari ƙirjinsa, sai ta ce mura ce, ba ta bukatar irin wannan magani ko kaɗan. Ya sha ruwa mai ɗumi ya huta, in tarin ya daɗe ko zazzaɓi ya zo ya dawo. Buba ya fito yana gunaguni wai ya ɗauro sa a amalanke ya yi tafiya an sallame shi da ruwan zafi.

Washegari jan bai haye layin ba. Rana ta gaba ya fara ja da baya. Indo ta ɗaura maganin a kan kiran salla, in ladan ya ɗaga murya da asuba ko azahar ko lisha sai ta ajiye masa kofin ruwa a gefen buzu, shi ya san sauran. Ni kuma kullum da hantsi ina can, in ce na zo duba gonata. Wahalar ba ta lokacin da yake jin ciwo ba ce. Da ya fara takawa, ya ji ƙarfi, nan ne na ga hannunsa na yi masa nauyi in zai ɓalli kafso, musamman in da baƙo a zaure. Mutum ne da bai saba kai abu baki shi kaɗai ba. Sai in ce, “Tuge, Rago, saura wajen gawo.” Ya harare ni ya haɗiye.

Wata yamma bayan la'asar ina tankaɗe na ji sallama. Lawali ne, da ƙafarsa, babu sanda, takalmi biyu a ƙafa biyu. Ya taho tun daga unguwarsu. Ya sa hannu aljihu ya fito da katin magani, duk ramukan a fashe, ya jefa mini a kan faifai. Ya ce, “Ga gonarki nan. Ki duba ko da saura.”

Na juya shi gaba da baya na ce, “Yau dai ka yi aikin maza.” Na ce ya zauna, ba zai tafi bai ci tuwo ba. Na shiga ɗaki na ɗauko akushin Baba, na wanke shi, na goge. Bayan magariba na kwashe tuwo a ciki, na zuba miyar kuka, na rufe da faifai, na kai masa da hannu biyu. Da ya ɗaga faifan ya ga akushin, sai ya gane shi, ya yi bismilla ya fara daga gefe guda. Ya kai rabi, ya wuce, bai tsame hannu ba. Ya dubo ni ta wutsiyar ido ya ce, “Ke kika ce kada a rage komi. Yau sai na ga gindinshi.”

Na ce, “Ka kuskura.”

Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. Ya ƙara loma guda, ya gyara gefen da ya rage da yatsa har ya tsaya tsaf, ya yi hamdala, ya turo akushin gabana. Jikata na tsaye tana kallonmu, ba ta gane abin da ya sa tsohuwa mai furfura take share ido a kan ragowar tuwo ba. Na jawo ta na zaunar kusa da ni, na ce ta je ta wanko hannu.

“Wannan shi ne suɗi,” na ce mata. “Zo mu ci tun da ɗuminsa.”